Itacen da Aka Yi wa Naɗi: Addinin Buddha, Sauyin Yanayi da Fadamar Baturiya

Wanda ya taɓa shiga fadamar Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa, cikin watan Janairu, ya san abin da ake gani. Ruwan da Kogin Haɗeja ya malalo da damina yana nan kwance a tafkuna, gabaruwa da giyayya da goruba sun kewaye shi, ga dinya da kirinjijiya, ga kuma baƙin tsuntsayen da suka ƙetaro hamadar Sahara daga Turai don gudun sanyi. A shekarar 2008 aka sa Baturiya cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, fili mai faɗin hekta dubu 101 da 'yan kai. Wannan a takarda ke nan. Wanda ya je ya kuma san sauran abin da ake gani: kututtura, da amalanke cike da itacen girki, da motocin da ke jiran lodi su nufi birni.

A darasin nazarin addinai ɗalibai sukan tambaye mu amfanin koyon addinin Buddha ga mai hidimar da zai ƙare rayuwarsa tsakanin Haɗeja da Gumel. Tambayar tana kan hanya, domin da wuya ya haɗu da mabiyin Buddha ko ɗaya. Amsarmu ita ce, akwai wata tambaya da ke jiran fastocin wannan kwari wadda mabiya Buddha suka riga mu fuskanta: ina ruwan addu'a da azumi da horon kai da dajin da ake sarewa? Sun gwada wata amsa tun kusan shekara arba'in da suka wuce. Ta yi aiki a wasu wurare, a wasu ta gaza, akwai kuma waɗanda suka biya da ransu. Mai hidima zai ƙaru idan ya san inda ta yi aiki da dalilin da ya sa.

Abin da suke koyarwa da abin da suke yi

Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha, wato wanda ya farka, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, wajen ƙarni biyar kafin haihuwar Almasihu. Tushen koyarwarsa shi ne rayuwa cike take da wahala da rashin gamsuwa, kuma abin da ke haifar da wahalar shi ne ƙishirwar zuciya, kwaɗayin da ba ya ƙoshi. Mabiyansa sukan ambaci guba uku da ke cin ɗan adam: haɗama, ƙiyayya da ruɗu. Maganin da ya bayar horo ne na ɗabi'a da na tunani, har mutum ya kai ga mutuwar wannan ƙishirwa, abin da suke kira nibbana. Kowane mabiyi yana ɗaukar alkawari biyar, na farkonsu kuwa kada ya ɗauki ran wani abu mai numfashi.

Akwai kuma 'yan zuhudu, maza masu aske kai su yafa mayafi ruwan goro, waɗanda suka bar aure da dukiya. Su dokokinsu sun fi tsanani, kuma a nan ne abin ya fara shafar batunmu. A Tailan da Kambodiya da Siri Lanka ɗan zuhudu yakan fita da ƙoƙonsa da safe a zuba masa abinci, ba ya kuma ci bayan rana ta take. An hana shi sare itace ko lalata tsiro mai rai. Cikin 'yan kayan da aka yarda ya mallaka akwai matacin ruwa, don kada ya haɗiye ƙananan halittu. Wata uku na damina yana zaune wuri ɗaya, kuma littattafansu sun ce an kafa wannan doka ne saboda mutane sun yi gunaguni cewa 'yan zuhudu suna tattake shuka da ƙwari a yawonsu. Sai kuma zaman bimbini na kullum, inda mutum zai natsu ya bi numfashinsa, ya lura da abin da ke tasowa a zuciyarsa, sha'awa ce ko fushi ko tsoro, ba tare da ya bi ta ba.

Ba don sauyin yanayi aka kafa ko ɗaya cikin waɗannan ba. Buddha bai san hayaƙin masana'antu ba, kuma burinsa shi ne fitar da mutum daga zagayen haihuwa da mutuwa. Masanan addinin su kansu suna gardama a kan ko kishin muhalli yana cikin asalin koyarwar, ko kuwa sabuwar fassara ce ta zamani. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, lokacin da bala'i ya zo, an tarar da mutanen da suka saba rayuwa da kaɗan, waɗanda kuma jama'a ke jin maganarsu.

Abin da ya faru a Tailan

A 1961 fiye da rabin ƙasar Tailan daji ne. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kamfanonin katako sun sare, manoma sun bi baya suna share tsaunuka don noman masara da rogo na sayarwa, da yawansu kuma da bashin iri da taki a wuyansu. A Nuwamba 1988 ruwan sama ya zabtaro tsaunukan da aka yi wa ƙwal a kudancin ƙasar, laka da gungumen katako suka rufe ƙauyuka, ɗaruruwan mutane suka mutu. A Janairu 1989 gwamnati ta haramta sare daji don kasuwanci. Doka ta fito, gatari bai tsaya ba.

A wannan shekara ta 1988 ne wani ɗan zuhudu a lardin Phayao na arewa, Phrakhru Manas Natheepitak, ya yi abin da ba a taɓa gani ba. Mutanen yankinsa suna fama da ƙarancin ruwa, an kai kuka ga hukuma ba a ji ba. Sai ya ɗauki mayafin 'yan zuhudu ya ɗaura wa manyan itatuwa, aka yi karatu irin na biki. Don mu gane nauyin abin, mu tuna cewa a Tailan taɓa mai wannan mayafi da mugunta babban zunubi ne. Mai gatari ya zo ya tarar da itace sanye da tufar da tun yana yaro ake koya masa ya durƙusa mata.

Wanda ya fi zurfafa abin shi ne Phrakhru Pitak Nanthakhun na lardin Nan, wanda ya fara a ƙauyensu a 1990. Wata masaniya Ba'amurkiya, Susan Darlington, ta halarci bikin da ya shirya a 1991, ta kuma bi aikinsa shekaru da yawa kafin ta fitar da littafi a kansa a 2012. Abin da ya kamata mai hidima ya lura da shi a aikin Pitak shi ne ranar bikin ita ce ƙaramar aba. Kafin ta, ya daɗe yana wa'azi a kan ruwa da daji ba tare da ya ga canji ba. Sai ya koma zama da dattawan ƙauye, aka shata iyakar dajin al'umma, aka kafa kwamiti, aka amince da abin da za a iya ɗiba da abin da aka hana, da tarar wanda ya karya. Akwai wata al'ada ta kai wa 'yan zuhudu kyautar mayafai don neman lada, sai ya mai da ita kyautar dashe, mutane suka kawo dubban 'ya'yan itatuwa. Ya kuma shiga neman wa manoma hanyar noman da ba za ta jefa su bashi ba. A ranar bikin shugabannin ƙauyuka suka sha ruwan da aka yi wa karatu, suka yi alkawari a gaban jama'a. 'Yan zuhudun ba su ce itacen ya zama ɗan zuhudu da gaske ba, domin a dokarsu ɗan adam kaɗai ake yi wa naɗi. Mayafin hatimi ne a kan yarjejeniyar da aka riga aka ƙulla.

Inda aka ɗaura mayafi ba tare da wannan aiki ba, mayafin yakan koɗe, itacen ya tafi. A 1996 aka ƙaddamar da shirin yi wa itatuwa miliyan 50 naɗi don murnar cikar Sarki Bhumibol shekara 50 a kan gado. Daga nan bikin ya samu karɓuwa a wurin hukuma da kamfanoni, har waɗanda da shi aka yi don a ja musu birki suka koma suna ɗaukar nauyinsa. Darlington ta nuna yadda wannan farin jini ya rage masa kaifi.

Kafin farin jinin kuwa an sha wuya. Phra Prajak Khuttajitto ya tsaya wa dajin Dong Yai a lardin Buriram, inda ake korar talakawa ana dasa itacen turare na kasuwa. An kama shi a 1991, aka yi ta jan sa a kotu, daga baya ya tuɓe mayafin. A 2005 aka kashe Phra Supoj Suvacano a lardin Chiang Mai, yana cikin kare filin daji na wurin ibadarsu daga masu son ƙwacewa. A Kambodiya, Bun Saluth da 'yan zuhudunsa sun shiga sintiri a dajin da ya haura hekta dubu 18 a lardin Oddar Meanchey, ba bindiga a hannunsu, suna karɓe zarto da tarko daga masu sata. Aikinsu ya samu lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2010.

Daga ƙauye zuwa taron duniya

Wanda ya kai wannan tunani Turai da Amurka shi ne Thich Nhat Hanh, ɗan zuhudun Biyetnam da ya rasu a 2022. Tun lokacin yaƙin ƙasarsu a shekarun 1960 yake koyar da cewa bimbinin da bai fito ya taimaki wanda aka jefa wa bam ba bai cika ba. Martin Luther King ya ba da sunansa don kyautar Nobel a 1967. Ya ɗauki tsohuwar koyarwar Buddha cewa babu abin da ke tsaye shi kaɗai, kome yana tasowa ne saboda wani abu, ya shimfiɗa ta a kan ƙasa da ruwa da iska. A Oktoba 2015 shi da Dalai Lama da wasu shugabannin addinin suka sa hannu a wata takarda zuwa ga shugabannin duniya kafin taron Faris, suna neman a daina dogara ga man fetur da kwal. A shekarar ce Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato si', malaman Musulunci kuma suka fitar da tasu sanarwar a Istanbul cikin Agusta.

Matasa masu fafutukar yanayi a ƙasashen Yamma, har da waɗanda ba su da addini, sun rungumi zaman bimbini don wani dalili na daban. Wanda ya yi shekaru yana ihu ba a saurare shi ba yakan ƙare da ɗaya cikin biyu, ko ya ƙi mutane ko ya karaya. Horon natsuwa yana koya musu su ga fushinsu ba tare da ya hau su ba. Duk faston da ya yi shekara goma a ikilisiyar da ba ta ƙaruwa ya san wannan gajiya, ko da bai taɓa riƙe kwalin zanga-zanga ba.

Inda muka rabu

Addinin Buddha ba shi da Mahalicci. A wurinsu duniya ba kyautar kowa ba ce, ba kuma wanda za a ba lissafi, sai dai kowane aiki yana jawo sakamakonsa, abin da suke kira karma. A wurinmu duniya tana da Mai ita, kamar yadda Zabura 24 ta buɗe da shi. Farawa 2:15 ta nuna an ajiye mutum a gonar don aiki da kuma tsaro, Romawa 8 ta sa halitta cikin masu jiran fansa, Kolosiyawa 1 kuma ta sa dukan abubuwa cikin sulhun da aka yi a kan gicciye. Begenmu sabuwar halitta ce, ba fita daga halitta ba. Haka kuma mai bimbini na Buddha yana duban abin da ke gudana a cikinsa, mu kuwa bimbininmu a kan maganar wani ne, kuma da wani muke magana. Waɗannan ba ƙananan bambance-bambance ba ne, kada mai hidima ya shafe su don a ce yana da sauƙin kai.

Sai dai kada mu yi saurin buga ƙirji. A 1967 masanin tarihi Lynn White ya ɗora wa Kiristancin Yamma babban kaso na laifin lalata muhalli, saboda yadda aka fassara mulkin da aka ba mutum a Farawa 1. An ba shi amsoshi da yawa, wasu masu ƙarfi. Ɗaya daga ciki ita ce Tailan ɗin kanta, ƙasar da fiye da kashi 90 cikin ɗari mabiya Buddha ne, ta cinye rabin dajinta cikin shekara talatin. Amma amsar tana yanka ta ko'ina. Idan kyakkyawar koyarwa ba ta tsare dajinsu ba, tamu ma ba za ta tsare namu ba don kawai tana cikin littafi. Maimaitawar Shari'a 20 ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, Littafin Firistoci 25 ya ba ƙasa hutunta. Yaushe rabon da mu ji wa'azi a kansu?

Akwai wani abu da ya fi kusa da gida. A ƙasar Hausa ta dā tsoron iskoki ya tsare tsamiya da kuka da yawa. Tarihin Kano ya ba da labarin yadda aka sare itacen tsafi na birnin a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tarihin ikilisiya kuma yana da Boniface, wanda ya sare itacen tsafin Jamusawa wajen shekara ta 723. Addinan nan biyu sun 'yantar da mutane daga tsoron itace, kuma ba ma nadamar wannan. Amma mun cire tsoro, a wurare da yawa ba mu sa kome a gurbinsa ba. Shi ya sa faston da zai ɗaura wa tsamiya ƙyalle a ƙauyen Jigawa ya yi kuskure sau biyu: Musulmi zai ce tsafi ne, tsohon da ya bar bori ya bi Almasihu zai ce an komar da shi inda ya fito. A Tailan ma bikin ya gauraya da roƙon iskokin daji. Mayafin nasu ne, mu bar musu.

Komawa fadama

Matsalar kwarin Haɗeja ta fi gatari girma. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano, sama da fadamar. Tare da farin shekarun 1970 da 1980, sun rage ambaliyar shekara-shekara wadda shinkafa da kifi da makiyaya da rijiyoyi suka dogara a kanta. Ruwan da ake saki da rani kuma ya hana magudanai bushewa, sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu ya ƙi janyewa, wasu kuma ya daina isa gare su. Jan-baki ya samu mafaka a cikin kacallar yana faɗa wa hatsi. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka lissafa cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar ya fi kawo amfani a kan wanda aka karkatar zuwa noman rani na Kano. Ga shi kuma damina ta rikice. A 2022 ambaliya ta mamaye yawancin ƙananan hukumomin Jigawa, masarautar Haɗeja na cikin inda abin ya fi muni.

Zaman bimbini ba zai buɗe ƙofar Tiga ba, azuminmu ma haka. Wannan magana ce ta Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatoci, kuma tana bukatar masu zuwa ofis su yi magana. Abin da horon ruhaniya ya ba 'yan zuhudun Tailan shi ne bakin yin maganar. Mutumin da kayansa ba su wuce mayafi da ƙoƙo ba, da ya ce haɗama ce ke cin dajin, ba wanda ya iya ce masa kai fa. Mu da wa'azin wadata ya cika wa ikilisiyoyi, sai mu auna ko muna da wannan baki. Wadar zuci da 1 Timoti 6 ta yi magana a kai ba aro muka yi daga Asiya ba, tamu ce muka ajiye.

Muna ma da misali kusa, cikin Hausawa. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya gaji da dashen da ke mutuwa. Ya ba da labarin cewa bayan ya yi addu'a cikin karaya ne ya lura 'yan tsirran da ke gonaki tohon kututturan manyan itatuwa ne, saiwarsu na nan da rai. Aka fara koya wa manoma su zaɓi toho mai ƙarfi su rage sauran, abin da ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da abincin ya ƙare manoma da yawa suka sare itatuwan. Abin ya kama ƙasa ne sa'ad da manomi ya ga amfanin a gonarsa, ya kuma tabbata itacen nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara ba. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar, kuma kusan duk manoman da suka yi aikin Musulmi ne. Darasin Maraɗi da na lardin Nan ɗaya ne: zuciya ta motsa, amma sai da aka zauna aka daidaita waye mai itacen da abin da iyali za su ci.

A kwarin Haɗeja mu tsiraru ne. Fasto ba shi da matsayin da ɗan zuhudu yake da shi a ƙauyen Tailan, liman da bulama da hakimi da sarkin ruwa su ke da shi. Maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu tushen, koyarwar amana da halifancin ɗan adam, da tsohon tsarin hurumi da burtali. Ko shamuwa da ke sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta, ba kuma dokar gwamnati ce ta tsare ta ba. Mai hidimar da aka gayyata zaman gayyar cire kacalla ko na shata burtali ya je da mutanensa, ya zauna inda aka ba shi, kada ya nemi kujerar gaba. Matar da ke sayar da itace don kuɗin makarantar 'ya'yanta kuwa, kada a fara mata da wa'azin zunubi kafin an yi maganar murhu mai cin itace kaɗan da wata sana'ar.

Mu kuma duba gidanmu. Taron zumuntar mata na gunduma, ko babban taron ikilisiya na kwana uku, yana cin itacen girki mota guda ko fiye, kuma a kasafin kuɗi layi ɗaya ne tsakanin shinkafa da manja. A zaman majalisar dattawa na gaba, idan ma'aji ya karanto wannan layi, wani ya ɗaga hannu ya tambayi daga wane daji dillalin yake kawo shi.